Ina OH ɗin ya shiga? Ku duba ruwan narkarwa

Daga nan Tudun Wadan Zariya nake magana. Shirin yau na ɗaliban ABU ne masu tace magani daga ganye irin su sabara, su kai samfur na'urar NMR a Samaru.

Ita na'urar nan haidurojin take saurare. To in ka narkar da samfurinka a kulorofom na yau da kullum, haidurojin ɗinsa zai danne na samfurin, kamar mai raɗa a tsakiyar kasuwa. Shi ya sa ake sayen mai diyuteriyom, irin su CDCl3 da DMSO-d6, duk da tsadarsu. Su ma ba sa rasa ɗan saura: CDCl3 yana fitowa a 7.26, DMSO a 2.50, danshin da ya sha kuma wajen 3.33. Don Allah kada ka lissafa su cikin sinadarinka.

Inda ake shan wuya shi ne OH. In ka zuba methanol mai diyuteriyom ko D2O, haidurojin ɗin OH zai yi musaya da diyuteriyom, alamarsa ta ɓace. Sai ɗalibi ya ɗauka ba abin da yake nema ya tace ba, bayan wata shida yana fama! A DMSO kuwa musayar tana tafiya a hankali, har OH na wasu filabonoyid ya fito fili tsakanin 12 da 13. Ni shi nake zaɓa, sai dai ƙwato samfurinka daga cikinsa aiki ne, don ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 189.