Kyamara a Ƙasar Dusar Ƙanƙara: Ta Inda Ruwa Yake Shiga

Kowace shekara a watan Fabrairu, birnin Sapporo da ke tsibirin Hokkaido a arewacin Japan yakan yi bikin dusar ƙanƙara, wanda aka faro tun 1950. Ana sassaƙa manyan gidaje da mutum-mutumi da dusar a filin Odori, jama'a su yi ta tururuwa, kowa da kyamararsa. Dusar da ke zuba a garin takan kai kusan mita 5 a shekara, sanyi kuma yakan sauka ƙasa da sifiri. A ƙarƙashin unguwar akwai kasuwanni da hanyoyin ƙafa masu ɗumi. Mai ɗaukar hoto zai daɗe a waje har yatsunsa su sandare, sai ya gangara ƙasa shan ɗumi da kyamara rataye a wuya. Kafin ya gama sauka daga matakala, gilashin ya yi fari fat, jikin kyamarar ya jiƙe.

Dalilin yana cikin halin iska. Iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma gwargwadon ɗuminta gwargwadon abin da za ta iya riƙewa. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi na iska zai iya riƙe kimanin giram 17 na ruwa. A sifiri, kimanin giram 5 ne kacal. Idan iska mai ɗumi ta taɓa abu mai sanyi, ɓangaren da ya taɓa shi yakan huce nan take, ya kasa riƙe ruwansa, ya sauke shi a jikin abin. Haka kwalbar lemo take zufa idan an fito da ita daga firji. Raɓar da ke bayan kyamara ana iya goge ta. Wadda ta fi ban tsoro ita ce ta ciki, domin iskar ɗakin tana kutsawa ta ramin batir da maɓallai da mahaɗar gilashi, ta sauke ruwa a kan wayoyin lantarki da tsakanin gilasan da hannu ba ya kaiwa. In kuma mutum ya sake fita waje kafin ta bushe, raɓar ta daskare a ciki.

Maganin ba shi da tsada. Tun kana waje, cire katin hotuna ka sa a aljihu, ka kakkaɓe dusar, ka zura kyamarar cikin leda mai kauri, ka matse iskar ka rufe bakin gam. Iskar da ta rage a ciki ta waje ce, busasshiya. Idan ka shiga ɗaki, raɓar za ta taru a bayan leda, kyamara kuma ta yi ɗumi a hankali. Bar ta awa ɗaya ko biyu, har sai ka taɓa ka ji sanyin ya sake ta. In babu leda, jakar kyamara da aka zuge za ta rage ɓarna. Abin da ya fi wa mutane wuya shi ne haƙuri, don kowa yana ɗokin ganin abin da ya ɗauka. Shi ya sa na ce a fara cire katin.

A waje kuwa, dusa busasshiya ba ta cika yin illa ba muddin kyamarar tana da sanyi, don takan zauna kamar gari ba tare da ta narke ba. Ɗumin jikinka ne yake mai da ita ruwa. Kada ka hura mata iskar baki, numfashi cike yake da tururi kuma zai daskare a kan gilashi. Yi amfani da buroshi mai laushi ko robar hura iska. Kada ka cusa kyamara cikin rigar sanyi, inda zufa da ɗumi suka haɗu. Sa murfin inuwa a bakin gilashi, ka riƙa sunkuyar da shi ƙasa tsakanin hoto da hoto, kuma kada ka canja gilashi dusa tana zuba. Idan jiƙaƙƙiya ce, ɗauke ta tamkar ruwan sama, ka lulluɓe kyamarar.

Batir shi ne yake son ɗumi. Sanyi yana rage saurin aikin sinadaran cikinsa, sai ya nuna ya ƙare alhali da sauran caji. Ajiye na biyu a aljihun ciki, ka riƙa musanya su. Yawancin kyamarori an rubuta musu aiki tsakanin digiri 0 da 40, wasu na Pentax da Fujifilm kuma har 10 ƙasa da sifiri. Wanda aka ce masa kyamararsa tana jure ruwa ya sani cewa robobin da aka toshe ta da su yayyafi suke tarewa, ba sa hana raɓa taruwa a ciki.

Mai ɗaukar hoton biki a Kano ko Zinder ya san wannan matsala, sai dai tasa a juye take zuwa. Da damina, kyamara ta kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, a fito da ita cikin iska mai laima, gilashi ya dushe ana tsakiyar shigowar amarya. Dabarar ledar tana aiki a nan ma, a rufe tun a ɗaki. Laima mai daɗewa kuma tana haifar da fumfuna a cikin gilashi, wadda kan cinye rufinsa har gyara ya gagara. Akwati mai rufuwa gam da ƙullin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ya isa ya kare kayan da mutum ya yi shekaru yana tara kuɗinsu.

Idan ruwa ya riga ya shiga, kashe kyamarar nan da nan, cire batir da kati, buɗe duk ƙofofinta, ka bar ta kwanaki a wuri busasshe. Kada ka kunna don gwaji, domin haɗuwar lantarki da ruwa ita ke ƙona wayoyin ciki. Kada kuma ka kanga ta a wuta. In ruwan teku ne, gishirinsa zai ci gaba da cin ƙarfe ko bayan ya bushe, sai a kai ta wurin mai gyara a ranar.