Ma'auni Ɗaya a Cikin Ƙwayar Lantarki

Kowane hakimi ya san wahalar da kan auku in mudun wata kasuwa ya saɓa da na wata. Wanda ya auno gero a Mai'aduwa ya kawo Daura, in mudu bai zama ɗaya ba, sai gardama ta tashi, ciniki ya lalace. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana wa hakimai da malamansu yadda irin wannan matsala ta sami masu ƙera kayan lantarki, da maganin da suka yi mata, da kuma inda abin ya shafe mu.

Cikin kowace wayar hannu akwai wani ɗan falle na silikon, watau wani sinadari da a ke tacewa daga yashi. Girmansa bai wuce na farcen yatsa ba, shi ne mu ke kira ƙwayar lantarki. A kansa a ke shata makunnan wuta ƙanana ƙwarai, waɗanda a ke ce wa tiransisto. Wani injiniya mai suna Jack Kilby ne ya fara haɗa irin wannan ƙwaya a Amurka cikin shekarar 1958. A yau ƙwaya ɗaya tak tana ɗauke da tiransisto dubban miliyoyi.

Sai mai karatu ya ɗauki ƙwayar kamar gari mai unguwanni. Akwai unguwar lissafi, da ta ajiya, da ta hoto, da wadda ke aika magana a kan iska. Tsakaninsu kuwa akwai hanyoyi da saƙonni ke bi. To, ba kamfanin da ke zana dukan unguwannin nan da kansa, domin aikin zai ci shekaru da kuɗi masu yawa. Abin da a kan yi shi ne a sayi lasisin zanen da wani ya riga ya yi aka jarraba, a sake amfani da shi, kamar yadda magini kan sayo ƙofa ƙerarriya ya kafa. Amma ƙofa ba ta shiga sai in faɗinta ya dace da gurbin da aka bar mata. A da kowane kamfani da tasa hanyar aika saƙo, sai injiniyoyi su ɓata watanni suna ƙera tafinta tsakanin sashe da sashe, kuskure kuma ya yi ta shiga.

Ga misali a kusa da mu. Titin jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne. Sabon titin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka soma aikinsa a 2021, ya kuma biyo ta Daura, nasa faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne. Tarago na wancan ba ya hawa wannan, kome kyawunsa. Haka abin ya ke cikin ƙwaya.

Saboda haka aka shiga neman ƙa'ida ɗaya. A 1996 kamfanin Arm na birnin Kambirij a Ingila ya fito da ƙa'idar da a ke kira AMBA, ya bar kowa ya yi aiki da ita ba tare da biyan kuɗi ba. A 2003 aka ƙara mata wani reshe mai suna AXI, wanda ya bazu ƙwarai. Wasu kamfanoni kuma suka kafa ƙungiya a 2001 don wata ƙa'ida mai suna OCP, wadda aka danƙa wa ƙungiyar Accellera a 2013. A 2009 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da tsari mai lamba 1685, wanda ya tsai da yadda za a rubuta bayanin kowane sashe, domin kwamfuta ta iya karanta shi ta haɗa shi da sauran.

Ga yadda AXI ke aiki a taƙaice. An raba hanya gida biyar: biyu na karatu, watau ta tambayar wurin da abu ya ke da ta kawo shi; uku na rubutu, watau ta faɗin wuri, da ta kai saƙo, da ta komo da shaidar ya isa. A kowace hanya mai aikawa kan ɗaga alamar cewa saƙonsa ya shirya, mai karɓa kuma ya ɗaga tasa cewa ya shirya karɓa. Saƙo ba ya wucewa sai alamun nan biyu sun haɗu, kamar dai baƙo da ba ya shiga gida sai an amsa sallamarsa. Ta haka sashe mai sauri da mai nawa su ke aiki tare, ba wanda ya zubar da saƙon wani.

Ina abin ya shafe mu? Na farko, sake amfani da zane yana cikin dalilan da suka sa waya ta yi araha har ta kai hannun manomi da makiyayi. Na biyu, gina masana'antar ƙera ƙwaya yana cin dala dubban miliyoyi, amma koyon zana sashe ɗaya kwamfuta ya ke bukata da ilmi da naciya, ƙa'idodin kuwa suna nan a intanet kowa na iya karantawa. Sashen da yaro ya zana a Daura, in ya bi ƙa'ida sosai, zai dace da wanda aka zana a Indiya ko Taiwan.

Don haka ana roƙon hakimai su ƙarfafa wa iyaye gwiwa su bar yara, maza da mata, su dage da lissafi da kimiyya da Turanci, tun da ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya an kafa a Daura a 2019. Malaman ofis kuma su karanta wannan takarda a gaban dagatai da masu unguwanni, su bayyana musu ita dalla-dalla.