Yadda za ka gane jitar lantarki ta hannu da kuɗin da ya kamata ka biya

Duk wanda ke shiga kasuwar Alaba International a Ojo, kusa da Alaba Rago, ya san yadda ake jera kayan kiɗa na tokumbo: piyano, ganguna, sifiku da jitoci rataye a bango. Matasanmu da yawa yanzu suna sha'awar koyon jita, musamman masu sauraron kiɗan Buzaye irin na Bombino ɗan Agadez. Sabuwa ta yi tsada saboda dala, shi ya sa kowa ke komawa ta hannu. Matsalar ita ce mutum ya kan ga suna a kan jita ya ruɗe, ya biya kuɗin da bai kamata ba. Gaskiyar magana, a ƙananan jitoci ba suna kake saya ba. Wuya kake saya. In wuyan lafiya lau ne, sauran gyara ne mai sauƙi. In ya lalace, kuɗinka ya tafi.

Fara da sanin wace iri ce

Yawancin jitocin da ke shigowa an kwaikwayi ɗayan biyu ne. Akwai siffar Stratocaster ta kamfanin Fender, wadda ta fito a 1954, mai ƙaho biyu da maganaɗisu uku masu ɗaukar sauti, waɗanda makaɗa ke kira fikof. Akwai kuma siffar Les Paul ta kamfanin Gibson, wadda ta fito a 1952, mai ƙaho ɗaya da nauyi a kafaɗa.

Kowane kamfani yana da ƙaramin suna na masu ƙaramin ƙarfi. Na Fender shi ne Squier, na Gibson kuma Epiphone, wanda suka saya a 1957. Ban da su akwai Yamaha Pacifica, Ibanez GIO da Cort. Duk waɗannan kaya ne na ƙwarai ga mai koyo, ba abin kunya ba ne. Amma ko a cikin Squier akwai hawa-hawa: Bullet da Sonic su ne na ƙasa, Affinity na bi musu, Classic Vibe ta fi su duka. Kada a sayar maka da Bullet a kuɗin Classic Vibe.

Lambar bayan kai

Yadda mai sayen sa ke buɗe baki ya duba haƙori ya san shekaru, haka za ka juya kan jita ka duba lambar da ke bayanta. A Squier, haruffan farko suna nuna inda aka ƙera ta. CY na nufin Sin, IC ko ICS na nufin Indonesiya. Lambobi biyun da suka biyo baya su ne shekara. Misali, ICS15 tana nufin 2015. In ka ci karo da tsohuwar Squier mai JV a farantin ƙarfen da ke bayan wuya, wannan ta Japan ce ta tsakanin 1982 da 1984, kuma masu tara jitoci suna nemanta ido rufe. Amma ba kasafai ake samunta ba, don haka kar ka yarda da baki kawai.

Ga inda ake cutar mutane. Wasu suna goge sunan Squier su manna na Fender. To in ka ga Fender a gaba, amma lambar baya ta fara da CY ko ICS, an canza mata riga ne. In kuma an kankare lambar gaba ɗaya, ka bar musu kayansu. Haka Gibson: ta gaske a Amurka ake ƙera ta, kuma ɗan murfin da ke kai, sama da inda tsirkiyoyi suka fara, kusoshi biyu ke riƙe da shi. Na jabu sau da yawa uku ne. Sannan ka yi amfani da hankali: babu wanda zai ba ka Gibson ta gaske a kuɗin wayar hannu ta gwanjo.

Duba wuya da kyau

Ɗaga jitar ka sa idonka daga kai ka hango tsawon wuyan kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, don akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa ko sassautawa a miƙar da shi. Amma in ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, wannan ba shi da gyara mai araha. Ka sa mai kaya ya ɗan juya notin sandar a gabanka. In ya ƙi motsi ko bakinsa ya cinye, matsala ce babba.

Sai ƙarafan da ke jere a wuya, wato firet. Danna tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka duba tsakiya. Ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe kada ta wuce kaurin kati. In ka saki, tsayin tsirkiya a firet na 12 ya zama wajen milimita 2. In ya fi haka sosai, yatsun mai koyo za su sha wuya har ya gaji ya ajiye. Kaɗa kowace tsirkiya firet bayan firet, ka saurara ko akwai inda sauti ke mutuwa ko yake zuza. Duba ƙarafan farko ko tsirkiya ta yi musu rami. Canza firet aiki ne da kuɗinsa kan kusa kai kuɗin jitar kanta.

Duba kuma bayan kai, musamman a siffar Les Paul, don nan ne ta fi karyewa in ta faɗi. In ka ga layin gam ko fenti ya bambanta a wurin, an taɓa ɗinke ta.

Kada ka biya sai an jona

Jitar lantarki ba a sayenta a bushe. A jona ta da amfilifaya. Ɗauki sukundireba ka ɗan taɓa kan kowane fikof, za ka ji ƙas a sifika in yana aiki. Matsa makunnin zaɓi ta kowane mataki, ka murɗa maɓallan ƙara da na murya. Ƙarar ƙaiƙayi yawanci datti ne. Girgiza wayar a raminta ka ji ko sauti na yankewa. Waɗannan duk mai gyaran rediyo zai iya yi da dalma. Ƙugi kaɗan a siraran fikof na Stratocaster halinsu ne, ba lalacewa ba.

Tsatsa kuwa, kowa ya san iskar Legas da Fatakwal da danshi da gishiri. Tsirkiya mai tsatsa ba komai, canzawa ake yi. Amma in kusoshin gadar da tsirkiyoyi ke hawa sun daskare ba sa juyawa, ba za a iya saita ta ba sai an sayi wata.

In an haɗa maka da amfilifaya, karanta bayanta. Kayan Amurka na wuta 120 ne, namu 230. Ka jona kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Sai da taransifomar rage wuta, kuma kuɗinta na cikin lissafi.

To nawa za ka taya?

Fara da sanin kuɗin sabuwarta yau. Ƙananan Squier a Amurka suna wajen dala 200 zuwa 300 sababbi. Tambayi shago biyu ko uku nawa suke sayar da irinta sabuwa. Shawarata, ta hannu mai lafiya kada ta wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na wannan. Daga nan ka cire kuɗin sabbin tsirkiyoyi, kuɗin saiti da duk gyaran da ka gano. Kuɗin da kake gani a Jiji kuɗin nema ne, ba na sallamawa ba. Ƙujewar fenti tana rage kuɗi amma ba ta taɓa sauti, don haka ita ce abokiyar mai ƙaramin ƙarfi: ka yi ciniki da ita, ka samu rangwame. Wadda ba ta da suna ko lamba kuwa, ka saye ta a kuɗin da ko ba ka sake sayarwa ba ba zai dame ka ba.

Na ƙarshe, karɓi rasit mai ɗauke da lambar jitar da sunan shago. Ana satar kayan kiɗa a majami'u da situdiyo, kuma in aka kama kaya a hannunka babu takarda, kai za ka yi bayani a ofishin 'yan sanda. In da hali, tafi da wanda ya iya kaɗawa, ko da za ka biya masa kuɗin mota. Allah Ya sa a yi ciniki a sa'a.