Abin da tsingaro ke faɗa wa masu binciken tarihi

A ƙauyukan Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir, inda gona ke jingine da gona, ba sabon abu ba ne garma ta tono tsingaro ko kashin tama daga tsohon kufai. Manomi yakan watsar da su a gyaffan gona. Ga masanin kayan tarihi kuwa, waɗannan shaidu ne, kuma tambayarsa ta farko ita ce: a ina aka same su, a wane zurfi, tare da me?

Dalili shi ne ƙasa tana taruwa hawa-hawa, kuma galibi abin da ke ƙasa ya girmi na sama. Idan aka samu gawayi a hawa ɗaya da tukunya, ana auna sinadarin kabon-14 da ya rage a cikinsa, wanda rabinsa ke gushewa duk bayan kimanin shekara 5,730. Ta wannan hanya aka gano cewa ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bagauda da littafin Tarihin Kano ya ambata. Wato maƙeran sun riga sarakunan.

Bayan shekaru sai asali. A Durɓi ta Kusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani a Jihar Katsina, an haƙa kaburburan masu mulki a 1907 da kuma 1992. Kayan da aka samu a haƙa na biyu an bincike su a Mainz ta Jamus, cikinsu akwai tasar ƙarfe mai ƙirar Gabas ta Tsakiya, da wuri, wanda daga teku yake zuwa. Hakan ya nuna masu mulkin yankin suna cikin fatauci mai nisan zango tun wajen ƙarni na 14. Sai dai tasa ba ta faɗin yaren mai ita ko addininsa, shi ya sa ake gwama ta da tarihin baka da rubutattun takardu.

Matsalar ita ce, da zarar mai haƙar yashi ko dillali ya ciro abu daga mazauninsa, yawancin shaidar ta tafi. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba tare da izini ba, amma da wuya ka samu manomin da aka taɓa gaya wa ofishin da zai kai rahoto.