An Rubuta 4K a Kwali, Amma Hoto Dishi-dishi: Ina Matsalar Take?

Matasa da dama na tara kuɗi su sayi akwatin Android don kallon fina-finai ta intanet a talabijin. Sai an kai shi gida a tarar hoton bai kai na waya kyau ba, rimot kuma ya ƙi aiki.

Sau da yawa laifin ba na talabijin ba ne. Netflix na amfani da tsarin kariya na Google mai suna Widevine. Akwatin da ba shi da matakin L1, kamar yawancin masu araha marasa suna, ba ya samun hoton HD a manhajar, komai aka rubuta a kwalinsa. Sai kuma ƙarfin intanet: Netflix na ba da shawarar Mbps 5 don 1080p, da Mbps 15 don 4K. Da zarar sabis ya yi rauni, hoto sai ya dushe.

Rimot kuwa iri biyu ne. Na infrared sai an nuna shi saitin akwatin. Na Bluetooth, irin na Fire TV Stick, sai an haɗa shi da na'urar tukuna, shi ya sa rimot ɗin kasuwa mai infrared ba ya motsa ta. Mafita ita ce kunna HDMI-CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink, sai rimot ɗin talabijin ya sarrafa akwatin.

Kafin a biya, a buɗe manhajar DRM Info a shagon, a ga L1 da ido, a kuma gwada Netflix ɗin. Araha ba ta ado.