Sabon Salon Koyar da Ƙididdiga a Jami'a

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe gabanmu kan faɗi da zarar an ambaci darasin ƙididdiga. To amma masana da dama sun ɗora laifin a kan yadda ake koyar da shi.

A shekarar 1992, wani malami Ba'amurke mai suna George Cobb ya ba da shawarar a rage haddar ƙa'idojin lissafi, a riƙa ba ɗalibai bayanai na haƙiƙa su yi aiki da su. Irin wannan tunani ne ya haifar da rahoton GAISE, wanda Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta amince da shi a 2005, aka kuma sabunta shi a 2016. Rahoton ya jaddada fahimtar ma'ana, da sa ɗalibai aiki a aji, da amfani da kwamfuta.

Ga misali, an nuna wa mutum 10 kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya, 8 suka zaɓi ta farko. Shin an fi son ta ne, ko dacewa ce kawai? Sai ɗalibai su jefa kwabo sau 10, su yi ta maimaitawa. Fuskar da suka zaɓa za ta fito sau 8 ko fiye a zagaye 5 ko 6 kacal cikin 100. Daga nan su auna ƙarfin hujjar da kansu.

Don haka 'yan'uwa, kada mu guje wa ƙididdiga, domin ranar rubuta kundin digiri za mu neme ta.