Mita 30 da ke kayar da zakarun gudu

Ranar 21 ga Agustan 2008, a gasar Olamfik ta birnin Bejin, mazan Amurka na dab da kammala zagayen share fage na tseren miƙa sanda, wanda mutum huɗu ke raba mita 400 a tsakaninsu. Darvis Patton ya miƙo, Tyson Gay ya kai hannu baya, sai ga sanda a ƙasa. Ba a jima ba matan ƙasar suka shiga nasu zagayen, sandar ta sake suɓucewa tsakanin Torri Edwards da Lauryn Williams, su ma a miƙo na ƙarshe. Gay ne zakaran duniya a tseren mita 100 da 200 a 2007, Williams kuma ta ci na mita 100 a 2005. Ba gudu suka rasa ba.

Abin da ya sa wannan tsere ya fi sauran tayar da hankali yana cikin dokarsa. Sandar bututu ce mara nauyi, tsawonta bai wuce santimita 30 ba, kuma dole ta sauya hannu a cikin wani fili da aka shata mai tsawon mita 30. In ta wuce layin kafin a karɓa, an kori ƙungiyar baki ɗaya. Mai karɓa ba ya waiwaye. Yakan auna tazara da tafin ƙafarsa tun kafin a fara, ya manna farin tef a kan hanya, ya duƙa yana leƙen baya. Da zarar abokinsa ya iso kan tef ɗin sai ya zabura da dukkan ƙarfinsa, fuska a gaba, ba zai miƙa hannu ba sai ya ji an kira shi. Mai tahowa na cin kusan mita 10 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan wanda ya tashi da wuri da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ƙara wa abokinsa mita guda cur, ga shi abokin ya riga ya fara gajiya.

A nan fargaba ke shigowa. Idan ƙwaƙwalwa ta hango abin tsoro, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda sukan zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama-sama, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Ga mai gudun mita 100 yawancin wannan riba ce, domin jiki ne ke shirin zabura. Inda ake asara shi ne wajen aikin da ke buƙatar auna lokaci da taushin hannu. Mai jiran sanda yana ganin mutum bakwai na tahowa a guje, filin wasa ya kaure da ihu, na layin kusa da shi ya riga ya tashi. Jikinsa na ce masa ya tafi, alhali abokinsa bai taka alama ba. Hausawa na cewa sauri kan haifi nawa.

An ga haka a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Faris a 2024. Kenny Bednarek na Amurka ya tashi kafin lokaci, da ya ga Christian Coleman bai cim masa ba sai ya taka burki, suka yi karo, sandar ta sauya hannu a wajen fili. Aka kore su, Kanada ta ɗauki zinare, Afirka ta Kudu ta bi mata. Rabon mazan Amurka da zinaren wannan tsere a Olamfik tun 2000.

Akwai wata illar ta biyu da masana halayyar ɗan Adam, irin su Sian Beilock, suka daɗe suna nazari a kai. Aikin da mutum ya maimaita har ya zame masa jiki yakan lalace idan ya koma sa masa ido daki-daki. Kamar mai saukowa daga bene ne, in ya fara tunanin ƙafar da zai sa a gaba sai ya yi tuntuɓe. Ɗan tseren da ya shiga lissafin yadda zai buɗe yatsu, ko ya waiwaya don ya tabbata, ya ɓata abin da hannunsa ya riga ya iya.

Shi ya sa masu horarwa ba sa ɓata lokaci wajen cewa ɗan wasa ya daina jin tsoro. Aiki ɗaya tak suke ba wa hankalinsa: ka kalli tef, kada ka kalli kowa. Mai kawowa shi ma nasa ɗaya ne, ya ci gaba da gudu har sai ya ji sanda ta bar hannunsa, kada ya sassauta don ya ga ya kusa. Kafin a hau layi kuma akwai dabarar numfashi, a ja a hankali, a fitar a tsawon lokacin da ya fi na jan, domin fitar da numfashi a natse yana rage bugun zuciya. Wani bincike da Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta wallafa a 2014 ya nuna cewa waɗanda suka ɗauki faɗuwar gabansu a matsayin ɗoki sun fi yin abin kirki a gaban jama'a a kan masu ƙoƙarin tilasta wa kansu natsuwa. Alamomin tsoro da na ɗoki a jiki kusan ɗaya ne.

Babban maganin dai shi ne sabo da juna. A Rio a 2016, Japan ta ci azurfa a bayan Jamaika cikin daƙiƙa 37.60, alhali a lokacin babu ko ɗaya cikin 'yan tserenta huɗu da ya taɓa gudun mita 100 ƙasa da daƙiƙa 10. Sun shafe shekaru suna gwajin miƙo daga ƙasa zuwa tafin hannu, suna auna tazarar kowane mutum biyu. Wanda ya san takun abokinsa ba ya buƙatar yanke shawara a tsakiyar ihu. Amma sabon ma ba laya ba ne. A wasan ƙarshe na Tokiyo a 2021, a gidansu, miƙon farko tsakanin Shuhei Tada da Ryota Yamagata bai haɗu ba, ba su ko kammala tseren ba.

Nijeriya na da tarihi mai kyau a nan. A Basalona a 1992 mazanta sun ci azurfa, matan kuma, Beatrice Utondu da Faith Idehen da Christy Opara-Thompson da Mary Onyali, suka ci tagulla. A 2004 mazan sun ƙara tagulla. A Bejin ɗin 2008, inda Amurka ta faɗi tun a share fage, Jamaika kuma ta kasa miƙo a wasan ƙarshe, matan Nijeriya sun kai sandarsu gida lafiya suka zo na uku, daga baya aka mayar musu da ita azurfa bayan an ƙwace lambar Rasha saboda ƙwayoyin ƙara kuzari.

Darasin ya shafi har malamin wasanni da ke shirya ɗalibai don gasar gidaje ta makaranta. Zaɓo yara huɗu mafiya gudu a safiyar gasa ba ya samar da ƙungiya. Gara a ware su tun da makonni, kowa ya san daga hannun wa zai karɓa, a yi gwajin da cikakken gudu, da abokan hamayya a gefe, da 'yan kallo masu ihu, har yaro ya saba tsayawa a kan alamarsa ko da na kusa da shi ya riga shi tashi.